Wane jirgin tururi mai taya zan fara kwaikwayo?

Malam ka ce kana so ka ƙera ƙaramin samfurin jirgin ruwa mai tururi, irin mai taya a gefe, amma ba ka san wanne za ka ɗauka ba. Ni dai Waverley zan ce maka, na Sikotilan. A Glasgow aka ƙera shi, ya fara aiki 1947, ya maye gurbin wani mai sunansa da aka nutsar a Dunkirk ta ƙasar Faransa 1940. Da ya tsufa kamfanin da ke da shi ya sayar wa ƙungiyar masu adana irin waɗannan jirage a kan fam 1 kacal, wallahi fam ɗaya, sannan tsakanin 2000 da 2003 aka yi masa gagarumin gyara aka mayar da shi kamanninsa na farko, shi ya sa hotunansa na yanzu za su yi maka amfani sosai wajen fenti, bututun hayaƙi ja da fari da baƙi.

Tsawonsa kusan mita 73 ne, a sikelin 1:96, wato a rage girmansa sau 96, zai ba ka kamar santimita 76, ya isa tebur. Tayoyin nan su ne wahalar, ka yi haƙuri da su. Kuma sanda ɗaya ke juya duka biyun, kar ka saka inji biyu.