Oga, me ya sa filash na 64GB yake nuna 59.6 a kwamfuta?

Kai yaro, ka ce kwastoma ya dawo da filash yana faɗa wai 64GB aka rubuta a jiki amma da ya sa a laptop sai ya ga 59.6, kana tambaya ko dila ne ya cuce mu. Toh ba wanda ya cuce mu, mudu ne ya bambanta. Buhu ɗaya ne, in ka auna da ƙaramin mudu ka samu da yawa, in ka auna da babba lissafin ya ragu, amma gero bai je ko'ina ba.

Kamfanin da ya ƙera filash ɗin gig ɗaya, wato 1GB, a wajensa byte 1,000,000,000 ne cif, shi byte ɗan ƙaramin ma'aunin bayanai ne a na'ura. Ita kuma Windows gig ɗinta 1,073,741,824 ne. Ɗauko kalkuleta ka raba 64,000,000,000 da wannan lambar, 59.6 zai fito maka. Na 32 zai ba ka 29.8, na 128 kuma 119.2, wani lokacin ma ya ɗan gaza haka saboda fomat shi ma yana cin nasa wurin.

Ita wannan lambar 1,073,741,824 fa ina so ka haddace ta kamar lambar wayarka, don ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. Ka fara da 1 ka dinga ninkawa, 2, 4, 8, 16, a ninki na 10 ka kai 1024, a na 20 ka kai 1,048,576, a na 30 ka iso kanta, kuma dalili shi ne na'ura abu biyu kawai ta sani, akwai wuta ko babu, shi ya sa duk lissafinta bibbiyu yake tafiya. Kaga kenan cika ce ba mara ba, za ka yi ta raba ta biyu har sau 30 ba saura, amma gwada 3 ko 5 ko 7, ba za ta rabu ba sam. Lambobi 31 ne kaɗai suke raba ta daidai, daga 1 har ita kanta. 1024 sau 1024 sau 1024 ita ce, 32,768 sau 32,768 ma ita ce. Abin da ya fi burge ni tun ina koyo, in ka tara duk masu raba ta banda ita, 1,073,741,823 za ka samu, ɗaya tak ya hana su kamo ta.

Amma kar wannan ya sa ka saki jiki, jabu na nan cike da kasuwa. Shi jabun zai nuna maka girma lafiya lau, sai ka loda kaya bidiyo ya ƙi buɗewa. In kwastoman ya dawo ka zaunar da shi ka buga masa lissafin a gabansa, sannan ka cika filash ɗin taf da bidiyo, ka cire ka mayar, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun buɗe ka miƙa masa kayansa, in wani ya ƙi ka ajiye min shi in mayar wa dila da kaina.