Amsa ga mai tambayar kanyar da ta ƙi haihuwa

Ɗan uwa na ga tambayarka cewa ka shuka kanya a lambu ta girma tana ta fure amma ko ɗa ɗaya babu, kana tunanin ko taki ne ya yi kaɗan. Gaskiya ba na jin taki ne, ina kyautata zaton namiji ka samu. Ita kanya akwai namiji akwai mace, bishiya daban daban, macen ce kawai take 'ya'ya, shi ma sai da namiji a kusa, wanda daga jikinsa ƙudan zuma zai ɗauko mata garin fure. Ni ma haka ta faru da ni, ɗaya tal na shuka na yi ta ban ruwa shekara 8 ina jira, ashe namiji ne, ranar da na gane wallahi raina ya sosu ƙwarai. Ka duba furen da kyau, na namiji yana fitowa a cure da yawa wuri ɗaya, na mace kuwa ɗai ɗai yake fitowa a gindin ganye.

Don Allah kar ka sare shi. Ka samo reshe daga kanyar da ka san tana haihuwa a yi masa aure, wato a haɗa reshen a jikin namijin ya kama, ko ka ƙara shuka 4 ko 5 tunda daga ƙwallo ba ka isa ka gane jinsi ba sai sun yi fure. Ƙwallon sabo za ka nema daga nunanniya, ka wanke naman tas ka jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, wanda ya daɗe a ajiye ba ya son tsirowa. Kuma gara ka binne shi a inda zai zauna din din din, saboda saiwarta ƙasa take nutsawa a miƙe, in ta lanƙwashe a cikin leda ko ta tsinke wajen dashe shikenan sai ta yi ta tsumburewa. Ka yi mata 'yar inuwa da shinge tana ƙarama don awaki ba sa barinta.

Sai batun wuri, kar ka kai ta jikin katanga, bishiya ce da take haura mita 20. A daji za ka fi ganinta bakin rafi ko kan suri, wato tana son ƙasa mai riƙe laima, ka lura da wannan. Waɗanda na sake shukawa yanzu sun kama, ganye shar ko da rani, tofon ma jaja jaja gwanin kyau, sai dai jemagu suna riga ni cin nunannun.