Amsa ga Alhaji kan batirin motar nan mai ɗaki

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji saƙonka, wai wane irin bargo za ka lulluɓe batirin motarka mai ɗaki kafin ka ajiye ta sai Afrilu. Don Allah bar zancen bargo. Batirin da ke zaune ba ya fitar da ɗumi, to me bargon zai riƙe?

Caji shi ne magana. Ruwan batir ai asid ne gauraye da ruwa. In cajin ya cika, asid ɗin na da ƙarfi, sai sanyi ya wuce digiri 50 na Celsius ƙasa da sifili kafin ya daskare. In ya mutu kuwa, abin da ya rage ciki kusan ruwa ne zalla, sanyi kaɗan ya ishe shi ya zama ƙanƙara. Ka san Janairun Winnipeg, birnin nan na Kanada, 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne.

Sa mitar auna wutar batir. In ka ga volt 12.6 ko sama, madalla. In ya gangaro 12.2, rabi ya tafi, maza jona shi. Sannan ka kwance wayar nagatif, domin ƙararrawar gargaɗin yoyon gas da rediyo suna tsotsa ko ka kashe komai. Ko da yake, a'a, ciro shi gaba ɗaya ka kai garejin gida, ka riƙa dubawa wata-wata. Kuma batiran biyu ne fa, na inji da na ɗaki, kullum ɗaya ake mantawa.

Wani maƙwabcina haka ya yi mini gardama bara. Ya ɗura ruwa a batir ana tsakiyar sanyi, bai caja ba, ruwan ya tsaya a sama ya daskare. Da ya buɗe murfin, cikin ya kumbura, gefe ya tsage, farin gari ya cinye kan wayar. Wai kuma zai jona caja a haka! Batir a daskare ana caja shi? Ai fashewa zai yi. Har yau cewa yake kamfani ne suka cuce shi, ko gaisuwar kirki ba ma yi.

Au, in na litiyom ne naka, lissafin daban ne. Ajiya a sanyi ba ta cika damunsa ba, amma kar a caja shi ƙasa da sifili, kuma sola ɗin kan rufi zai iya yin hakan kana barci, sai ka raba sola ɗin da batirin. Turo mini hoton takardar jikin batirin tukuna.