Bambancin "exaggerate" da "overdo" a Turanci

Malam, ka tambaya ko "exaggerate" da "overdo" ma'anarsu ɗaya ce, tun da dukkansu suna nuna wuce iyaka. Ba ɗaya ba ce. Ita "exaggerate" ta fi shafar magana, wato mutum ya ƙara wa labari gishiri ko ya kambama abu fiye da yadda yake, kamar wanda ya ga mutum goma a wurin taro amma ya dawo yana cewa ɗari ya gani. Asalinta daga harshen Latin ne, inda take nufin tara abu har ya yi tsibi. Ita kuwa "overdo" a aikace take, kamar mai girkin da ta cika yaji a miya.

A wannan batu na wuce iyaka, abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗalibai suke ɗaukar "too" da "very" a matsayin abu ɗaya. Idan ka ce shayi "very hot" ne, yana da zafi sosai amma yana shawuwa. Idan ka ce "too hot", zafin ya wuce gona da iri har ya hana sha. Mu a Nijeriya mukan yabi gwani da "too much", amma mutumin Ingila zai iya ɗauka ƙorafi kake yi.