Wane fulogi zan saka tunda na cire maganeto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa ƙaramin jirgin sama da kaina, injin Lycoming O-360 ne a ciki, kuma na cire maganeto guda ɗaya cikin biyun da ke ba fulogi wuta na sa P-Mag mai ba da wuta ta lantarki. Abokai na ta ce min in sa fulogin mota kawai, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wanne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh abokanka ba su yi ƙarya ba, amma rabin zancen suka faɗa maka. Fulogin mota yana aiki da irin wannan na'urar, kamfanin E-Mag masu ƙera P-Mag ɗin ma da kansu fulogin NGK BR8ES suke ambata a littafinsu, sai dai fa ba kowane fulogin mota ba, kuma ba yadda ka ga dama za ka ɗaura ba.

Ramin fulogi a silindar Lycoming milimita 18 ne, na mota kuwa 14, don haka dole sai da adafta. Kafin ka saya ka duba ko silindarka mai gajeren rami ce ko mai dogo, Lycoming kan shafa fenti rawaya a fikafikan silinda kusa da ramin idan mai dogo ce. In ka sa gajere a dogon rami dalma za ta cike zaren da ya rage, in kuma ya leƙo ciki da yawa wannan bakin da ya fito shi zai yi ja kamar garwashi ya kunna mai tun lokaci bai yi ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne lambar zafi, wato lambar da ke nuna saurin da fulogi ke zubar da zafinsa, don nan ne mutane ke halaka injinsu. Maganeto wutarsa a tsaye take, galibi digiri 25 na juyawar inji kafin fistan ya kai ƙololuwa, ko kana ƙasa ko kana sama. Ita kuwa ta lantarki in ka hau sama ka rage ƙarfin inji sai ta riƙa gaggauta tartsatsin har ya wuce digiri 30 sosai, man ya fi ƙonewa da kyau, amma kan silinda ya ƙara zafi, to ka ga fulogin da ba ya saurin zubar da zafinsa ba shi da wurin zama a nan. A wajen NGK da Denso in lamba ta hau fulogin ya fi sanyi, wato 8 ya fi 7 sanyi, a wajen Champion kuma akasin haka ne, REM40E ya fi REM38E zafi. Na taɓa riƙe fulogin da wani ya sa mai lamba 6 saboda shi ya samu a kusa, farin tangaran ɗin ya yi ƙuraje, bakin ƙarfen ya narke ya zama dunƙule, da muka leƙa da ƙaramar kamara saman fistan ya fara zaizayewa. Allah ne ya kiyaye wallahi, ya sauka lafiya. In za ka kuskure gara ka kuskure wajen sanyi, iyakaci ya yi datti ka wanke.

Harafin R ɗin nan da ke cikin sunan ma ba ado ba ne, yana nufin akwai abin rage ƙarar wuta a ciki mai kusan om 5,000, in babu shi rediyonka zai yi ta ƙarar tas-tas kuma yana iya rikita na'urorin gabanka. Sannan ka nemi mai kai haɗe wanda ba a kwancewa, lambarsa a wajen NGK 3961, don mai kan da ake murɗawa girgizar inji na sassauta shi.

Tazarar baki kuma, wato gibin da tartsatsi ke tsallakawa a bakin fulogi, na maganeto kusan inci 0.016 zuwa 0.021 ne saboda wutarsa ba ta da ƙarfi wajen tayarwa, na lantarki kuwa ana buɗewa kusan 0.030 zuwa 0.035. Kar ka ce bari in ƙara tunda wutar na da ƙarfi, kwayil ɗin kake wahalarwa. Ɓangaren da ka bar wa maganeto ka bar masa fulogin jirgi da tazararsa, kar ka gauraya.

Wajen ɗauri ka bi littafin na'urarka kalma da kalma don kamfanonin ba su yi daidai ba. E-Mag cewa suke ka fara murɗa fulogin cikin adafta da hannu sannan ka ɗaure su tare ta kan fulogin, Light Speed kuma, wani kamfanin mai irin wannan na'ura, adaftar suke fara ɗaurewa. Ka yi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, banda ƙiyasin hannu, adafta siririya ce tana tsagewa.

Masu iridiyam suna da kyau, amma ni ban ga dole ba tunda man jirgi na 100LL akwai dalma a ciki, ita za ta taru a kansa kafin ya cinye, musamman na ƙasan silinda. Ni dai na fi son na gama-gari in canza duk awa 100 ko lokacin binciken shekara. Ka sayo a hannun dillalin da ka yarda da shi don jabun NGK sun yi yawa, kuma duk wanda ya suɓuce ya faɗi a siminti ka jefar ko da ba ka ga tsaga ba. Tashinka na farko ka tsaya kusa da filin jirgi, idonka a kan zafin silinda, in ya doshi digiri 400 na Faranhait ka sassauta hawa ka ƙara mai, in ka sauka ka kwance su ka ga kalarsu.