Taya ɗaya na juyi, ɗaya na tsaye: in yi wa aksul ɗin Hilux ɗina walda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux mai ja da tayoyin baya kaɗai, ba fo-wil ba. Da ita nake kai taki gonar shinkafata a fadamar Haɗejia, da ita kuma nake kai buhuna kasuwa a kan kwalta. Da zarar damina ta kankama sai ta riƙa kafewa: tayar baya ɗaya na ta wulwulawa tana watsa taɓo, ɗayar kuma na tsaye ƙyam a kan busasshiyar ƙasa. Bakanikena ya ce a buɗe aksul ɗin baya a yi wa ƙananan giyoyin ciki walda don tayoyin su ja tare. Wani kuma ya ce in nemi LSD, wato wani irin giyan cikin aksul da ke rage wa taya ɗaya wulwulawa ita kaɗai. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tun kafin mu yi nisa, don Allah kada ka yarda da waldar nan.

Motarka ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta. Wancan tulun da ke tsakiyar aksul ɗin baya, cikinsa difarensha yake, kuma aikinsa shi ne barin tayoyin biyu su yi gudu daban-daban a kwana. Ka lura da shanun huɗa in sun kai ƙarshen kunya za su juyo: na waje yana zagaye da taku mai yawa, na ciki kusan a wuri ɗaya yake takawa. Haka tayoyin mota suke. Sai dai buɗaɗɗen difarensha irin naka yana raba ƙarfi daidai wa daida, kuma abin da zai ba kowace taya ba ya wuce abin da mai ƙarancin riƙo za ta iya ɗauka. Tayar da ke cikin taɓo ba ta riƙe komai ba, don haka wadda ke kan tudu ma ɗan abin da ba zai motsa mota ba take samu. Ko ka take totur har ƙasa, ƙara haƙa wa kanka rami kawai kake yi.

Ka fara tabbatar da abin da ke cikin tulun. A tokare tayoyin gaba da dutse, a ɗaga bayan motar duka biyu a kan abin tokara mai ƙwari, a cire giya, a saki birkin hannu, sai ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, ko ta ƙi motsi, galibi buɗaɗɗe ne. In ta bi ta suka juya tare, akwai LSD mai faifan kuloci a ciki, wataƙila ya cinye ne, gyara yake nema.

Walda tana aiki a taɓo, ba na musu. Matsalar ita ce ba ta kwancewa. A kan kwalta, kowace kwana sai tayar ciki ta yi ta gurzar ƙasa tana kuka, motar ta riƙa turjewa tana son miƙewa alhali ka karya sitiyari, taya ta suɗe kafin lokacinta. In ka ɗora buhuna, tayar ba za ta iya zamewa ta sauke wahalar ba, sai sandar aksul ta sha ta. An taɓa jawo mini wata a-kori-kura gareji da aka yi wa wannan aikin. Da muka zaro sandar, mun tarar haƙoran bakinta sun murɗe kamar raken da aka matse, ta karye daidai nan, ɓarɓashin walda kuma ya bi mai ya cinye boris da babban giya. Kuɗin da mai motar ya guje wa, ya biya fiye da shi, kuma Allah ne ya kiyaye ba a guje take ba.

LSD kuwa iri biyu ne da za ka iya cin karo da su. Akwai mai faifan kuloci, wanda faifansa ke riƙe sandunan biyu kada ɗaya ta tsere wa ɗaya. Yana da sauƙin hali a kwalta, amma faifan na cinyewa, kuma sai da man giya na musamman mai alamar LS, in ba haka ba zai riƙa gurnani a kwana. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da na tokumbo: kana iya sayo wanda ya riga ya gama aiki. Akwai kuma mai murɗaɗɗun giyoyi, kamar Torsen, ko kuma Truetrac na kamfanin Eaton. Ba shi da faifan da zai cinye, man giya GL-5 na yau da kullum ya ishe shi, direba ma ba ya jin yana nan. Rauninsa ɗaya: ninka riƙon tayar mai santsi yake yi ya miƙa wa ɗayar, to in tayar ta tashi sama gaba ɗaya, babu abin ninkawa. Dabarar ita ce ka ɗan ja birkin hannu kaɗan kana ba da wuta a hankali, sai ya kama.

Bayan LSD, akwai makulli, wato abin da ke haɗe tayoyin biyu su juya tare. Akwai mai kulle kansa, irin su Detroit Locker. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana ƙas-ƙas a kwana, wani lokaci ya fizgi bayan mota in kwalta ta jiƙe. Ga motar da yaran gida ma ke tuƙawa, ba na son sa.

Wanda ya fi kwanta mini a rai ga aikinka shi ne makullin da direba ke kunnawa da kashewa. Na kamfanin ARB na ƙasar Ostireliya da iska yake aiki, sai an ɗaura masa ƙaramin kwamfuresa da siririn tiyo. ELocker na Eaton da lantarki yake aiki, waya da maɓalli kawai. Wasu Hilux ma da nasu suke fitowa daga kamfani. A kashe, motarka na nan yadda ka san ta a kwalta. A kunne, tayoyin sun zama ɗaya kamar an yi waldar. Ka kunna shi kafin ka faɗa cikin taɓon, ba lokacin da taya ke wulwulawa ba, don haƙoran makullin na iya karyewa. Toyota ta ce nata kada a wuce kilomita 8 a awa yana kulle. Ka kuma yi hattara a kan siririyar hanya mai gangare tsakanin fangalai: in tayoyin biyu suka yi santsi tare, bayan motar gefe yake zamewa, ka tsinci kanka cikin ruwa. In aljihu bai kai nan ba, ɗauki mai murɗaɗɗun giyoyi.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Fantekar Kaduna, ka tafi da lambar shasi, ko ma da tsohon difarenshan a hannu. Tsofaffin Hilux da yawa na da difarensha mai inci 8 da sanda mai haƙora 30, amma sababbin sun sha bamban, don haka a ƙirga, kada a yi ƙiyasi. In tulun gaba ɗaya za ka canza, a ƙirga haƙoran babban giya, a raba da na ƙaramin da farfela ke juyawa: 41 da 10 ya ba da 4.10, 43 da 11 ya ba da 3.91. In ka canza wannan lissafi, ƙarfin motar da shan manta za su canza. Masu fo-wil kuwa dole na gaba da na baya su zo ɗaya.

Ɗaurawar ma ba aikin kowane bakanike ba ce. Tsakanin haƙoran babban giya da ƙaramin akwai ɗan wasa da ake aunawa da agogon awo. A na Toyota mai inci 8, tsakanin milimita 0.13 da 0.18 ne. Sannan a shafa wa haƙoran fenti, a juya, a ga inda suke haɗuwa: tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, ba a baki ko a gindi ba. In ka ga mai aikin ba shi da agogon, da kunne da hannu kawai yake gwadawa, ɗauke kayanka ka nemi wani, in ba haka ba aksul zai fara kuka tun kana hanyar gida.

Kafin duk wannan, duba tayoyinka. Suɗaɗɗiyar taya ko an kulle ta santsi za ta yi, sai ka sa masu manyan kambu na taɓo a baya. A-kori-kura in ba lodi bayanta sakayau yake, buhun yashi biyu ko uku a kan aksul daidai na ƙara mata riƙo sosai. Tunda kuma kana ratsa ruwa, a saman aksul akwai ɗan bututun shan iska. Aksul mai zafi in ya nutse yana iya zuƙo ruwa ta nan. A jona masa tiyo a ɗaga bakinsa sama ƙarƙashin bodi. Bayan kowace damina ka kwance notin mai ka duba: in man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye shi nan take a zuba sabo.