Zuwa ga ɗiyata, kan zancen tauraro

Ɗiyata, saƙonki ya same ni bayan sallar isha'i. Da farko na yi murmushi, don ban zaci masu duba sun tare a cikin waya ba. Amma da na kai inda kika ce kwana goma sha ɗaya ke nan ba ki runtsawa sai gab da asuba, tun da wani shafi ya karɓi ranar haihuwarki ya ce tauraronki na nuna ajali a bana, sai gabana ya faɗi. Kin kuma tambaya ko a al'adarmu sadakar baƙar kaza na kau da irin wannan.

A 1973, shekarar da fam ya tafi naira ta zo, ina saurayi ina bin ƙanen babanmu cin kasuwa a ƙasar Katsina. Shekarar fari ce, hankalin kowa a tashe. A bakin wata kasuwa akwai mai hisabi da faifansa cike da rairayi. Ya tambayi sunana da na mahaifiyata, ya lissafa haruffa, ya zana ya share, sannan ya ce tauraronka ya faɗi, da wuya ka ci sabon gero. Sule biyu na ba shi.

Ban faɗa wa kowa ba. Sai in kwanta a soro ina jin zuciyata kamar ana daka, mujiya ta yi kuka in ce da ni take. Na rame har wando na zamewa. Ana haka, ran Asabar 30 ga watan Yuni, da tsakar rana, sai rana ta dusashe, gari ya yi wani irin ja-ja, yara suka fito suna kaɗa gwangwani. Na ce shi ke nan, tawa ta zo. Na ruga ɗakin kakarmu, na tarar tana kaɗi, na zube na amayar mata da komai. Wallahi ko mazarin ba ta ajiye ba. Ta ce, "Kai kaɗai ne ɗan Adam, da za a rage wa rana haske saboda kai? Mai rabon ganin baɗi, ko ana ha-maza-ha-mata sai ya gani. Tashi ka bi mutane masallaci."

Bayan sallar kusufi liman ya ba da labarin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi kusufi, mutane suka ce don shi ne. Manzo ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A daren kakarmu ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ce barci ƙanin mutuwa ne, wanda ya tashe ka jiya shi zai tashe ka gobe. Geron shekarar bai yi auki ba, amma da hannunta ta gasa mini tumu.

Magabatanmu sun duba taurari, ba na musu. Kaza da 'ya'yanta suke kallo su gane lokacin shekara, Gamzaki ya nuna wa matafiyi asuba ta kusa. Ranar mutuwa kuwa ba su nema a can, sun san ƙarshen Suratu Luƙman, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu. Hadisi ma ya zo cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, ƙarfe biyun dare kuna rungume da waya, ku miƙa wa baƙon da ba ku sani ba ranar haihuwarku, tsoro ya kama ku ba wanda ya sani a gidan.

Yau ki bar wayar a ɗakin mahaifiyarki, ki faɗa mata duk abin da kika faɗa mini, ki kwana kusa da ita. Ki yi alwala, ki karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. In mako ya zagayo barcin bai dawo ba, ko bugun zuciyar ya ƙi lafawa, ta raka ki asibiti, ba abin kunya ba ne. Zancen kaza kuwa, bar shi sai kin zo hutu mu zauna.